Jarumi, Dodo Da Gimbiya: Yadda Ake Nuna Wa Yara Tsohon Zane

A tsakiyar birnin Landan, a bakin dandalin Trafalgar, akwai wani katafaren gida inda ake adana tsofaffin zane-zanen fenti na ƙasashen Turai. Sunansa National Gallery, an kafa shi cikin 1824, yana ɗauke da zane fiye da 2,300, kuma ba a karɓar ko kwabo daga mai son shiga ya kalle su. Daga cikin dukiyar wannan gida akwai wani ɗan zane da bai kai rabin tabarma ba, tsawonsa santimita 56, faɗinsa 74, wanda wani mutumin Italiya mai suna Paolo Uccello ya yi wajen shekarar 1470. Gidan ya saye shi cikin 1959. Abin da zanen ya nuna shi ne wani saurayi bisa farin doki ya soki dodo da mashi, ga kuma wata gimbiya tsaye a gefe.

Babban mutum in ya zo gaban irin wannan zane yakan karanta 'yar takardar da ke manne a bango, ya gyaɗa kai, ya wuce. Wasu masu bincike biyu da suka riƙa auna lokacin 'yan kallo a gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin Niyok sun bayyana cikin 2001 cewa matsakaicin tsayuwar mutum gaban shahararren zane sakan 27 ne kurum. Sakan 27 kuwa da wuya ya ishi mutum ya lura da abin mamakin da ke cikin zanen Uccello, watau dodon da ake suka ɗaure yake a wuya, gimbiyar ce kuma ke riƙe da igiyar, sai ka ce akuyarta za ta kai kiwo. Yaro ɗan shekara shida wanda aka bari ya zauna ya kalla a natse yana iya hango igiyar nan, in ya hango ta kuwa ba zai rasa tambaya ba: in dodon nata ne, don me ake sukarsa? Wannan tambaya ita ce ƙofar zanen. Abin da ake bukata ga iyaye da malaman firamare shi ne su bar yaro ya iso ƙofar da ƙafarsa, kada su riga shi.

Abin Da Ke Cikin Zanen

A hannun dama ga jarumin nan sanye da sulken ƙarfe tun daga kwalkwali har ƙafa, fuskarsa ta yaro ce, ko gemu babu. Dokinsa fari fat ya ɗaga ƙafafun gaba, sirdi da sauran kayan dokin jajaye. Mashin dogo ne siriri, ya ratso zanen a karkace daga sama har ya sauka a kan dodon wajen ido, jini yana zuba daga bakinsa zuwa ƙasa. Dodon kore ne, ƙafafunsa biyu rak masu manyan farata, wutsiyarsa a murɗe, fuka-fukansa irin na jemage, amma da zagayayyun tabo a jikinsu kamar na malam-buɗe-littafi. A bayansa ga bakin kogo mai duhu, dutsen kuwa kamar da takarda aka lanƙwasa shi.

A hannun hagu gimbiya na tsaye ƙyam, ta ba da gefen fuska, doguwa siririya cikin doguwar riga ja-ja, babu ko alamar firgita tare da ita. Daga sama, bayan jarumin, hadari ya haɗo yana juyawa kamar guguwa bisa wani duhun kurmi, can kuma ga jinjirin wata siriri alhali sararin sama bai yi duhu ba. A ƙasa ciyawa ta fito yanki-yanki masu kusurwa, kamar fangalin masu lambu, ko da yake wurin daji ne.

Duk wanda ya san doki zai ce wannan ya fi kama da dokin katako na wasan yara, haka nan dutsen da ciyawar ba su yi kama da na gaske ba. Wannan ne ma ya sa zanen ya dace da ƙananan yara. Abubuwan da ke ciki kaɗan ne, kowanne a fili yake da launinsa, kuma duniyar da ke ciki irin ta tatsuniya ce, wadda yaro ya riga ya saba da ita tun a cinyar kakarsa.

A Fara Da Ido

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da bayani. Malami ya ɗaga hoto ya ce wannan wane ne, ya yi kaza a shekara kaza, sa'an nan ya tambayi yara ko sun gane, su amsa baki ɗaya cewa sun gane, alhali kuwa babu wanda ya kalli kome. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, a Amurka, wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Abigail Housen tare da Philip Yenawine, wanda ya shugabanci sashen ilmantarwa na gidan zane-zanen zamani na Niyok, suka tsara wata hanya dabam wadda makarantu da yawa suka ɗauka. Hanyar ta tsaya ne bisa tambayoyi uku. Ta farko, me ke faruwa a cikin wannan hoto? Ta biyu, me ka gani da ya sa ka faɗi haka? Ta uku, me kuma za a iya ganowa?

Kafin tambayar farko sai a yi shiru kamar na minti guda, kowa ya kalla. Ba a faɗin sunan zanen, ba a faɗin sunan mai shi. Duk yaron da ya yi magana, malami ya nuna da yatsa wurin da yake nufi, ya maimaita maganarsa da kalmomi tsararru domin kowa ya ji, ba tare da ya ce daidai ne ko kuskure ba.

A ce wata yarinya ta ce dodon nan na gimbiya ne, kiwonsa take yi. Malami sai ya ce, "To, 'yata, me kika gani da ya sa kika faɗi haka?" Ta nuna igiya. Wani yaro ya ce a'a, cinye ta zai yi, ya nuna haƙora da farata. Kowannensu yana da shaida a cikin hoton, shaidar ɗaya kuma ba ta kashe ta ɗayan ba, saboda haka dole su sake duba. Can wani ya ce hadarin nan mashin yake turawa. In aka tambaye shi dalili zai ja yatsa daga tsakiyar hadarin ya bi sandar mashin har kan dodo, domin kuwa a layi ɗaya suke. Masanan gidan da ke Landan ma abin da suka lura da shi ke nan, suka ce mai zanen yana nuni da cewa taimako daga sama ya zo wa jarumin.

Tambaya ta biyu ita ce ginshiƙi, domin ita ke koya wa yaro cewa magana tana bukatar madogara. Ita ce kuma ta fi wuya ga yaron da aka rena bisa ladabin yin shiru gaban manya. Irin wannan yaro in aka ce masa me ya sa ka faɗi haka, sai ya zaci ya yi laifi, ya sunkuyar da kai. Don haka wajibi ne mai tambaya ya sassauta murya, ya zauna ƙasa daidai da yaran, ya kuma yi haƙurin jira. Minti goma ko goma sha biyar sun isa ga 'yan shekara biyar zuwa bakwai. Gara a tashi suna marmari da a tashi sun ƙosa.

Sa'an Nan A Ba Da Labari

Sa'ad da gardama ta yi zafi a kan igiyar, lokacin labari ya yi, domin yanzu su yaran ne ke nemansa. Labarin da Uccello ya zana yana cikin wani littafi na tarihin waliyyan Kirista wanda Yakubu na Voragine, wani malamin coci da daga baya ya zama babban limamin birnin Genoa, ya tattara cikin harshen Latin wajen shekarun 1260. Ana kiran littafin Legenda Aurea, watau labaran zinariya, kuma yana cikin littattafan da aka fi karantawa a Turai a wancan zamani.

Ga yadda labarin yake. Wai a ƙasar Libiya akwai wani gari mai suna Silene, kusa da shi akwai wani babban tafki inda wani dodo yake zaune, numfashinsa dafi ne, in ya matso ganuwa mutane sai su yi ta mutuwa. Domin su nisantar da shi sai suka riƙa kai masa tumaki biyu kullum. Da tumaki suka yi ƙaranci sai aka koma tunkiya ɗaya da mutum ɗaya, ana jefa ƙuri'a a kan 'ya'yan gari, babu wanda aka keɓe. Ran nan ƙuri'a ta faɗa kan 'yar sarki. Sarki ya ce a karɓi zinariyarsa da azurfarsa da rabin mulkinsa a bar masa 'yarsa. Talakawa suka ce shi ya kafa dokar, 'ya'yansu sun tafi, saboda haka tasa ma sai ta tafi, in ba haka ba su ƙone shi da gidansa. Ya roƙi kwana takwas aka ba shi. Da suka cika ya yi mata ado da kayan sarauta kamar amarya, ta fita bakin tafki tana kuka.

Ana cikin haka sai ga wani baƙon soja bisa doki, wanda Turawa ke kira Joj, Larabawa kuma Jirjis. Ya tambaye ta abin da ke damunta, ta ce ya gudu kada ya hallaka tare da ita, ya ƙi. Da dodon ya fito sai ya sukwano ya soke shi da mashi ya kayar da shi, sa'an nan ya ce wa gimbiya ta kwance ɗamararta ta ɗaura masa a wuya. Tana ɗaurawa sai dodo ya bi ta kamar karen gida har cikin gari. Mutane suka watse da gudu, jarumin ya kira su ya ce in sun karɓi addininsa zai kashe shi. Suka karɓa, ya zare takobi ya sare shi, sai da aka sa keken shanu huɗu kafin a fitar da gawar bayan gari. Sarki ya tara masa dukiya, ya ce a raba wa matalauta, ya hau dokinsa ya yi gaba.

Asirin Igiyar

Da jin haka yara da kansu za su warware kullin. Sukar mashi ita ce ta fara, ɗaurin ɗamara ya biyo baya, amma mai zanen ya haɗa lokutan biyu cikin hoto guda. Wannan al'ada ce sananniya ga masu zanen wancan zamani, tun da babu majigi, babu kuma littafin hotuna a hannun kowa, tilas hoto ɗaya ya ɗauki labari duka. Ta haka kuma ake iya fahimtar natsuwar gimbiya, domin ita tana tsaye ne a lokacin da tsoro ya riga ya wuce, shi kuwa jarumin yana tsakiyar fama.

A nan ana iya sa takarda a rufe rabin hoton na dama, a tambayi yara abin da suka gani, sa'an nan a rufe na hagu a sake tambaya. Za su ga labari biyu. Daga nan sai a tambaye su abin da ke cikin labari wanda babu shi a hoto. Babu sarki, babu taron jama'a, babu tumaki. Labari ya ce dodon a tafki yake zaune, Uccello kuwa kogo ya gina masa. Yaron da ya gano wannan ya gane wani babban abu, watau hoto zaɓi ne na wanda ya yi shi, akwai abin da ya sa, akwai kuma abin da ya bari.

Yara kan tambaya ko abin ya faru da gaske, kuma hakkinsu ne a gaya musu gaskiya. Abin da aka daɗe ana riwaitowa shi ne Jirjis soja ne na daular Rum wanda aka kashe saboda addininsa wajen shekarar 303, zamanin sarki Diocletian, ana kuma ziyartar kabarinsa a garin Lidda, wanda Larabawa ke kira Ludd. Zancen dodo kuwa an fara samunsa a rubuce ne a ƙasar Jojiya cikin ƙarni na 11, watau kimanin shekara 700 bayan mutuwarsa. Ko adadin waɗanda suka karɓi addini a Silene bai tsaya wuri ɗaya ba, littafin Latin ya ce mutum 20,000, fassarar Ingilishi da William Caxton ya buga cikin 1483 ta ce 15,000. Mutumin na tarihi ne, dodon na almara ne, kuma yaro ɗan shekara bakwai yana iya riƙe wannan bambanci in an faɗa masa a sauƙaƙe.

Mutumin Da Ake Kira Tsuntsu

Bayan labarin zane sai labarin mai zane, shi ma yana da abin da zai ja hankalin yara. Sunansa na yanka Paolo di Dono, an haife shi cikin 1397, ya yi rayuwarsa a birnin Fulorans, ya mutu ran 10 ga watan Disamba 1475. Uccello laƙabi ne, ana faɗinsa Ucello, ma'anarsa tsuntsu da harshen Italiya. Giorgio Vasari, wanda ya wallafa tarihin masu zanen Italiya cikin 1550, ya ce gidan mutumin cike yake da zanen tsuntsaye da kyanwoyi da karnuka, domin ba shi da halin kiwon masu rai, tsuntsaye kuma su ya fi ƙauna. Tun yana ɗan shekara goma ko kusa da haka aka kai shi koyon sana'a wurin Lorenzo Ghiberti, gwanin zubin tagulla. Cikin 1415 ya shiga ƙungiyar likitoci da masu sayar da magunguna, inda masu zanen birnin ke rajista, tun da wurin masu magani suke sayen garin launi. 'Yarsa Antonia ita ma ta iya zane.

Ya yi wannan zane ne yana da shekara saba'in da 'yan kai. Cikin takardar harajinsa ta 1469 ya rubuta wa hukuma cewa ya tsufa, ba ya iya aiki, matarsa kuma ba ta da lafiya. Ya yi shi da fentin mai a kan yadi, a zamanin da galibin 'yan uwansa na Fulorans ke kwaɓa launi da gwaiduwar ƙwai su shafa a kan allon katako.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne dabarar nuna nesa da kusa a kan abu shimfiɗaɗɗe. Vasari ya ce yakan raba dare yana lissafin layuka, matarsa na kiransa ya kwanta ya ƙi. Ciyawar nan mai kusurwa sawun wannan dabara ce, domin gefunanta suna jan ido zuwa can ciki. Hanya mafi sauƙi ta nuna wa yaro wannan ita ce a fitar da shi bakin titi ya dubi turakun lantarki, na kusa dogo, na nesa gajere, alhali duk tsawonsu ɗaya. In ya dawo ya dubi hoton zai ga abin da ya hana tsohon nan barci.

Jini, Tsoro Da Addini

Akwai abubuwa uku da kan sa iyaye ɗari-ɗari. Na farko jini da tsoro. Jinin da ke cikin zanen kaɗan ne, yaron da ya ji tatsuniyar Dodo kuwa ya ji abin da ya fi wannan. Amma zancen miƙa 'ya'ya ga dodo yana da nauyi, don haka ga 'yan shekara huɗu da biyar ya isa a ce ƙuri'a ta faɗa kan gimbiya, a bar ƙididdigar waɗanda suka riga ta. Ga 'yan shekara takwas zuwa sama, nan ne ma darasin yake: sarkin da ya kafa doka a kan 'ya'yan talakawa ya nemi ya saye tasa 'yar da kuɗi. A tambaye su ko talakawan sun yi daidai da suka ƙi. Wasu yara kuma dodon za su tausaya wa, ganin yadda ya durƙusa yana zubar da jini. Kada a yi musu dariya, a tambaye su abin da suka gani.

Na biyu shi ne addini. Labarin na Kirista ne, ƙarshensa wankan baftisma ne, bai kamata a ɓoye haka ba. Gidan Kirista zai ba da shi a matsayin labarin waliyyi wanda Ingila da Habasha da Jojiya suka ɗauka majiɓincinsu, ana tunawa da shi ran 23 ga watan Afrilu a ƙasashen Yamma. Gidan Musulmi yana iya ba da shi a matsayin labarin wasu mutane, yadda ake koya wa yaro sunayen kogunan wata ƙasa ba tare da an ce ya koma can da zama ba. Sunan ma ba baƙo ba ne a littattafan Musulmi, domin Ɗabari, wanda ya rasu cikin 923, ya kawo labarin juriyar Jirjis gaban wani azzalumin sarki a cikin babban littafinsa na tarihi.

Na uku shi ne zana abu mai rai, wanda wasu gidaje ba sa so bisa fatawar malamansu. Malamin makaranta ya kamata ya girmama wannan. Yaron irin wannan gida yana iya zana kogo da hadari da wata da itatuwa, ko ya tsara zagayayyun tabon nan su zama ado kamar na hula, ko kuwa ya ba da labarin da baki. Abin da ake nema shi ne kallo da tunani, su kuwa suna samuwa ta kowace hanya.

Daga Silene Zuwa Daura

Yaron da ya tashi a ƙasar Hausa yana da wata riba a gaban wannan zane, domin ya san wani baƙo mai doki da ya kashe abin da ya addabi gari. Labarin Bayajidda ya ce ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa macijin da ke rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ran Juma'a. Ya ɗauki guga ya tafi, ya sare kan macijin da makamin da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Da gari ya waye Magajiya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, masu ƙarya suka yi ta fitowa, har shi ya zo da kan macijin. Rijiyar tana nan a Daura har yau ana zuwa ganinta.

In aka jera labaran biyu, sai a bar yara su fitar da kama da bambanci. Duka biyun akwai baƙo, akwai ruwa, akwai zancen rabin mulki. Amma a Silene mace ita aka kai wa dodo, a Daura kuwa mace ita ke sarauta. Jirjis ya yi faɗansa gaban shaida, Bayajidda ya yi nasa cikin dare, don haka sai da ya kawo hujja. Bayajidda ya auri sarauniya ya zauna, Jirjis ya ƙi dukiya ya wuce. Irin wannan labari ya watsu cikin al'ummai da yawa. Mutanen Soninke suna da na macijin Bida na daular Wagadu, wanda ake ba budurwa. Farisawa suna da na Rustam da dokinsa Rakhsh, a cikin Shahnama da Firdausi ya kammala cikin 1010, wanda masu zanen fadar sarakunan Musulmi na Iran suka ƙawata da hotuna. Tambayar da za ta fi sa yara aiki ita ce, da Uccello zai zana labarin Kusugu cikin hoto guda, waɗanne lokuta biyu zai haɗa?

Bayan An Gama Kallo

Tun 1995 gidan National Gallery ke gudanar da wani shiri mai suna Take One Picture, watau ɗauki hoto guda. Kowace shekara yakan zaɓi zane ɗaya, ya horar da malaman firamare a kansa, su koma makarantunsu su gina darussan lissafi da rubutu da tarihi da aikin hannu a kan zanen, sa'an nan a zaɓi wasu daga ayyukan yaran a baje su cikin gidan, ƙarƙashin rufi ɗaya da ayyukan manyan gwanaye. Hikimar shirin tana cikin sunansa. Hoto ɗaya da aka daɗe ana kallo ya fi ɗari da aka wuce da gudu.

Makarantar da ke Gusau ko Yola ko unguwar Agege ba ta bukatar jirgin sama kafin ta yi koyi da wannan. Gidan ya sa zanen a intanet inda ake iya faɗaɗa shi a ga kowane lungu, kuma ana iya buga shi da launi a babbar takarda guda ta ishi aji. Yara uku su tsaya kamar jarumi da gimbiya da dodo, kowanne ya faɗi abin da ke ransa. Wasu su gina dodo da yumɓu, wasu su yi fuka-fuki da kwali da kara. Wasu su ƙirga ƙafafun da ake gani a hoton, wasu su auna santimita 56 da 74 a ƙasa da alli su ga ƙanƙantar zanen na ainihi.

Amfanin wannan ya wuce sanin wani tsohon zane na Italiya. Yaran yau suna girma ne a zamanin da hotuna ke kwarara cikin wayar hannu dare da rana, wasu na gaskiya, wasu an yanke, wasu an haɗa lokuta biyu ko wurare biyu domin a yaudari mai kallo, har an sha tayar da fitina da irinsu. Yaron da ya saba tun yana ɗan shekara shida da tsayawa ya duba, ya tambayi kansa abin da ya gani da ya sa ya yarda, ya kuma nemi abin da aka bari a waje, ba zai yi saurin ruɗuwa ba in ya girma.

Saboda haka in an gama darasi kada a naɗe hoton a jefa cikin akwati. A manna shi a bango daidai tsayin idon yara, a bar shi nan. Bayan mako guda a sake tara su a yi tambaya ta uku kaɗai, me kuma za a iya ganowa? Mai yiwuwa ran nan ne wani zai ɗaga yatsa ya nuna jinjirin watan nan da ke can sama, wanda kowa ya wuce a karon farko, ya tambaya ko da rana aka yi faɗan ko da dare.